Hulunan Malam Ilu

A Ƙofar Guga nake wankin hula,
shekara ashirin da bakwai a gindin bedin nan.
Ban taɓa taka zauren majalisa ba,
amma akwai kai ɗaya a cikinta
da na sani fiye da wanzaminsa.

Lamba ashirin da biyu da rabi.

Ƙube guda ya fara kawo mini
yana malamin lissafi a firamare,
gefenta duk shatin alli.
Sai ya zauna kan benci har ta bushe
don ba shi da ta canji.
Kuɗina kuwa, sai wata ya mutu.

Da aka tsai da shi takara
hular ta koma warin rana,
jar ƙasar hanyar Batsari ta shige zarenta,
buroshi biyu na kashe a kanta.
Na sha tsintar takarda a ninkin ciki:
kwalbatin Unguwar Dabo,
rufin aji uku,
ungozoma.
In shanya ta kan dutse, in mayar masa.

Ya ci. Aka kwana ana guɗa.

Daga nan sai direba, Nalado,
da leda cike: damanga, tangaran, zanna,
goma sha biyu a tashi ɗaya,
suna ƙamshin turaren da ban san sunansa ba.
In juya su, in sake juyawa.
Me zan wanke?
Sanyin mota ba ya barin shaida.

Sau ɗaya na ji shi a rediyo
yana magana kan fanshon malamai,
muryarsa na rawa kamar ranar da ya binne uwarsa.
Aka ce an miƙa wa kwamiti.
Nalado ya ce can ne magana ke zuwa ta yi barci.

Kwalbati an yi, damina ɗaya ta cinye rabi.
Rufin aji yana nan, na gani da idona,
jikata a ƙarƙashinsa take karatu.

'Yan rumfa sun kasu biyu:
wasu su ce ya ci,
wasu su ce shi aka ci,
tun asuba layi a ƙofarsa,
mai ragon suna, mai takardar asibiti,
mai neman a sa baki a saki ɗansa.
Duk sun haɗu a kan cewa kansa ya kumbura.
Ni ke da gungumen da nake ɗora hularsa.
Bai ƙaru ba ko da ƙwayar gero,
furfura ce dai nake ta karkaɗewa.

Shekara takwas.
A zaɓen fidda gwani daliget suka kwana otal,
suka wayi gari da wani suna a baki.
Ƙuri'a goma sha ɗaya ta raba su.

Ran Talatar da ta wuce Napep ta sauke shi.
Ba direba, ba leda.
Tsohuwar ƙuben ce, ta koɗe.
Na sa yatsa a ninkin, da sabo.
Takarda, ta yi laushi kamar tsumma,
layi biyu an soke,
na ukun yana nan.

Na ɗago. Ya ce, bar ta a ciki.

Na zuba ruwa a roba,
ya gyara zama a benci,
ya tambaye ni ko sitati ya ƙara kuɗi.