Awa Tamanin

A Porirua, cikin zauren coci,
aka zagaya kujeru goma sha ɗaya.
Babu alƙali, babu sarƙa,
sai butar shayi da ta ƙi tafasa,
da ni, Ngaire, jakata a cinya,
na ƙanƙame ta kamar ita ma za a ɗauke.
Ban zo don in yafe wa kowa ba.

Malakai sunansa, shekara sha biyar,
takalmin ya fi ƙafar girma.
Kakarsa ta ɗaura tabarmar kugu irin ta mutanen Tonga,
hawaye na zuba, baki a rufe.
Ɗan sanda ya karanta: mota ɗaya, daren Talata,
an tsince ta bakin teku, fitila a fashe.
Na ce, ku bar zancen mota.
Akwai kaset a cikinta,
muryar Desmond, mijina, shekara shida a ƙasa.
Wannan takardarku ba ta faɗa ba.

Yaron ya dubi siminti.
Ya ce, na jefa shi ruwa.
Da ƙasa ta tsage a lokacin,
da ni zan tura shi, ban ko waiwaya ba.

Fasto Havili ya ce awa tamanin,
kicin ɗin coci ranar Asabar,
feraye dankali, wanke tukwane
don masu kwana a gindin gada.
Na ce a ƙara da ciyawar maƙabarta,
kuma ni zan riƙe littafin ƙirga,
don minti ɗaya ba zai wuce ni ba.

Haka aka yi.
Ya feraye dankali har da yatsa.
Ya ƙona shinkafar mutum sittin,
wani tsoho mara haƙori ya cinye ƙanzon,
ya ce masa, ɗana, Allah ya yi albarka.
Na ga yaron ya daskare da ludayi a hannu
kamar wanda aka kira da sunan wani.
Na rubuta awa huɗu. Ban ce komai ba.

Ruwan hunturu ya zo a karkace,
iska na fizgar hula.
Yana tura injin yankan ciyawa tsakanin kaburbura,
ina zaune a benci da laima da biro.
Awa ta hamsin da uku
ya kashe injin a gaban dutsen Desmond,
ya karanta sunan da leɓe,
ya ce, ba tare da ya juyo ba:

Na saurare shi a daren.
Ya ce, Ngaire, sassauta a kwanar nan,
kin san birkin nan ba shi da alƙawari.
Sai ya yi tari, ya yi dariya,
ya fara waƙa ya manta baitin.
Na ji kamar yana zaune a bayana.
Tsoro ne ya sa na jefar,
ba mugunta ba.

Har tarin ya kwaikwaya.
Biro ya faɗi cikin ciyawa.
Ashe ɓarawon nan
shi ne kunne na ƙarshe da ya ji mijina.
Abin da teku ta haɗiye
yana nan a bakin wanda ya ba ta.
Na ce, sake faɗa.
Ya sake. Na ce, ba haka yake jan sunana ba.
Ya gyara.

Fasto yana cewa gafara ruwa ce.
Ni dai tawa kamar tsohon famfo take,
ɗigo yau, gobe ƙaf,
wata safiyar in tashi da fushina sabo fil.
Ran da awa ta cika na sa hannu,
kakarsa ta kawo mini rogo da kifi a ganye.
Motar tana gareji, an sa mata fitila.
In na zo kwanar nan ina sassautawa,
sai dai muryar da ke faɗa mini yanzu
ta yaro ce mai shekara sha biyar,
kuma har yau ban san
yadda zan yi da wannan ba.