Shafi Na Bakwai

A Ƙaura Namoda, bayan tashar jirgi,
kakana Labbo ya tara libarba bakwai
cikin akwatin ƙarfen da a da ake zuba kuɗin tikiti.
Ba na yaƙi ba ne, na gwajin saiti ne,
masu dogon hanci da ƙota mai gurbin yatsu,
irin waɗanda ake kafa wa gwangwani bisa turmi,
a ja taku ashirin da biyar, a riƙe numfashi.

Kowace da shafinta a tsohon littafin rasit.
Wannan ta baturen awon gyaɗa ce,
ya bar wa kukunsa Nomau a bakin albashin wata uku.
Nomau ya musanya ta da jakai biyu.
Jakan sun mutu, ita tana nan.
Waccan mai tsagaggiyar ƙota,
daga Kwara mai kantin yadi
zuwa Adisa mai ba jirgi hannu,
zuwa matarsa, da ta sayar ran da za ta koma garinsu,
ta ce kewa kaɗai ta ishe ta kaya.

Duk Juma'a bayan la'asar
yakan shimfiɗa buzu, ya shafa musu man keken ɗinki,
yana kiran masu su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai jero kakanninsa.
Tun ba a haife ni ba aka ɗura wa bakinsu dalma,
takardar 'yan sanda na manne a murfi.

Ta bakwai ce ba ya son ɗagawa.
Shafinta ya tafi daidai har shekarar canjin kuɗi,
sai fari fat, shekara tara,
sannan ga ta a Talatar Mafara, a tabarmar ɗan koli,
tsakanin kwaɗo da fitilar ƙwai.
"Shidan nan na san abin da suka harba," in ji shi,
"gwangwani, kwalba, ƙwallon goruba.
Wagga ko, ban san inda ta kwana ba."

Bara ya rasu.
Yanzu in ƙara ta taso daga daji da dare
ba mai tambayar hannun wa ta bi.

Wani ya zo daga Kaduna ya taya shida,
ya ce ɗayar ba ta da asali.
Na ba shi ruwa, na raka shi bakin titi.
Na dawo na sa sunana a shafi shida.
A na bakwai na tsaya, biro a hannu,
har aka kira magariba.