Lambar Inna

Ƙarfe biyar da rabi nake barin Agege,
ruwan daren jiya bai gama janyewa daga kwata ba.
Yaron danfo na rataye a ƙofa yana kiran Oshodi
kamar wanda ɗansa ya ɓata a kasuwa.
Littafina a ƙirji, cikin leda biyu,
nauyinsa ya kai tiya guda ta shinkafa.

A Yaba, saman wani kantin magani,
mu goma sha ɗaya ne, fanka ɗaya,
janareta na tari a ƙarƙashin bene.
Madam Morenike ta gyara tabarau ta ce:
"Ku ba likitoci ba ne.
Ba ku taɓa jiki, ba ku ba da ƙwaya.
Naku shi ne ku ba kowane ciwo lambarsa."

Ashe ciwo ma yana da lamba, kamar motar haya.

Zazzaɓin cizon sauro, in ba a faɗi irinsa ba, B54.
Asma na zaune a J45.
Har haihuwar da ta zo da sauƙi
an yanka mata fili, an kafa mata allo.

Rubutun likita kuwa,
sai ka ce kaza ta taka tawada ta yi tsere.
Rabin awa muna kan kalma ɗaya,
Chidubem na gefena ya ce hanta,
na rantse ƙoda ce.
Gwiwa ce.

Baba shekara ashirin da shida yana harkar albasa a Mile 12,
da hanci yake gane buhun da ya fara ruɓa daga ciki.
Ya ce, "Safara'u, wai me kike koyo ne?
Allura?" Na ce babu.
"Farar riga fa?" Ita ma babu.
Na ce ina tsaye ne tsakanin asibiti da masu inshora,
wannan ya yi aiki, wancan zai biya.
Ya daɗe yana sakace.
"Dillanci ke nan. To, kar ki tauye mudu."

Na tauye, ranar Laraba.
Ɗigo ɗaya na ajiye inda ba gidansa ba.
Madam ta zagaye shi da jan biro har takarda ta huje:
"Wannan ɗigon zai sa a dawo da takardar biya,
wata tsohuwa a Mushin ta yi wata guda tana zarya
a kan kuɗin da ba ita ta ci ba."
Ban iya cin burodina ba ranar.

Fayilolin gwaji duk an shafe sunayensu da baƙi.
Na buɗe na tara:
mace, shekara hamsin da huɗu, hawan jini,
ta dawo bayan wata ɗaya.
Layi uku ke nan.
Amma ni na san sauran.
Na san tana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata,
tana tsayawa sau uku kafin ta haye gadar ƙafa,
tana cewa ba komai, gajiya ce.
Hannuna ya so ya ƙara.
Madam na bayana, ko juyowa ban yi ba:
"Abin da likita bai rubuta ba, ba naki ba ne."

Na rubuta I10.
Na buɗe na goma.

Jarrabawa Asabar mai zuwa.
A gosulon Ikeja ina bita da fitilar waya,
duk wanda ya yi tari a mota sai na nemo masa shafi.

Da dare Inna na tsince wake a tire.
Ta ce, "Ni fa, malamar lamba, nawa ce tawa?"
Na faɗa mata.
Ta yi dariya har ta dafe ƙirji.
"Duk wannan wahalar, goma kacal?"

Sannan ta ɗauko ƙwayarta ta dare,
ta sa farce a tsakiya.