Taku Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin ina dako a Tudun Hatsi.
Buhun masara ni kaɗai nake ciccibarsa,
ban taɓa cewa “kama mini” ba.
Yau butar alwala ta fi ƙarfina.

Daji ya ci mafitsara, suka cire ta,
suka buɗe mini ƙofa a gefen cibiya,
suka manna leda.
Likita ya ce, “An gama aiki.”
Nasa ya gama. Nawa ko bisimilla ba a yi ba.

Kashegari ina kwance laƙwas,
sai ga Rifkatu, ’yar Kaltungo, da farar riga,
ba allura a hannunta, ba ƙwaya.
Ta ce, “Baba, tashi za mu yi.”
Na ce, “’Yar nan, jiya aka farke ni kamar buhu
aka ɗinke da basilla.”
Ta ce, “Na sani. Rungume matashi a ciki.
Mirgina gefe. Sauke ƙafa.
Ja numfashi har ƙasan haƙarƙari.”
Na miƙe, ɗakin ya yi ta juyi da ni.
Daga gado zuwa taga, taku goma sha ɗaya.
Na haɗa gumi kamar na sauke tirela.

A gida, Jekadafari,
jikata Dudu ce akawu.
Da gawayi take rubuta wa bango:
Litinin, zaure.
Talata, gindin maina.
Laraba, teburin Gidado mai shayi.
Alhamis ban tashi ba.
Ledar ta ɓalle cikin dare,
na kwana ina jin zarnin kaina,
na ce wa Hajjo ta sallami masu dubiya,
na juya wa ƙofa baya.
Dudu ta zana sifiri ƙato.
Na ce ta goge. Ta ƙi.

Zauna, tashi. Zauna, tashi.
Sau goma a kujerar roba.
Dafa bango, ɗaga dugadugai.
Matse mara a hankali, saki, kar ka riƙe numfashi.
Rifkatu ta ba ni wata roba ruwan ɗorawa in riƙa ja,
ni da na ɗaure lodin Legas da igiya,
ga ni da danƙo kamar yaro mai harbin kurciya.
Hajjo ta yi dariya har ta saki muciya.
Na ji haushi. Na ƙara ja biyar.

Salla a zaune nake yi.
Na tambayi liman batun tsarki, murya ƙasa-ƙasa,
ya ce, “Mai lalura ne kai, Bappa, je ka yi sallarka.”
Amma goshina na kewar ƙasa.
Wata asuba na dafa tabarma,
gwiwa ɗaya, sannan ɗayar,
ɗinkin ya yi mini magana, bai yi ihu ba.
Na daɗe a sujadar nan.
Ban roƙi komai ba.

Wata na huɗu na koma kasuwa, da ƙafa.
Ƙamshin sabon wake, ihun ’yan kamasho,
wani ya ce, “Ashe kana nan!”
Wani ya kalli gefen rigata, ya kau da kai.
Ga wani yaro yana kokawa da buhu,
ƙugu a sama, baya a gantsare.
Hannuwana suka tafi da kansu.
Na dawo da su aljihu.
Na ce, “Kai, lanƙwasa gwiwa. Matso da shi jikinka.
Fitar da numfashi in za ka ɗaga.”
Ya ce, “Wa ya koya maka, Baba?”
Shekara talatin ina dako,
’yar Kaltungo ce ta koya mini.

Mudu ɗaya na saya, na rungumo shi.
A Bolari na zauna na huta, sau biyu.
Dudu na bakin zaure da gawayinta:
“Kaka, taku nawa?”
Wallahi tun daga kwanar asibiti lissafin ya kuɓuce mini.
Ta tsaya tana duban bango,
ba sauran wuri sai cikin sifirin nan.
Ciki ta rubuta: masara.