Giwa da Jaki a Bakin Jidda

Suwaiba ta ajiye takardu biyu a kan kekena,
tsakanin almakashi da shayin da ya huce.
Ta ce, "Baba, kwana huɗu a Bahar Maliya.
Kuɗi na hannuna, zaɓi ya rage."
Na ce ina da riguna goma sha ɗaya kafin Juma'a.
Ta ce riguna ba su da ƙafa.

Na farkon fari ne fat, hawa goma sha huɗu,
kamar an tsinko unguwa guda an ɗora a kan ruwa.
A ƙoƙon kansa har da tafki.
Ruwa bisa ruwa, Suwaiba, wace irin ƙishirwa ce wannan?
Ɗakin cin abinci tara,
ni da haƙorana shida.
Na raɗa masa Giwa.

Na biyun kuwa, Jaki.
Fenti ya soma barin haƙarƙarinsa,
hawa biyar, tagogi kamar faifai,
yana tafe yana shinshinar gaɓa
har Yanbu, ya juyo abinsa.

Lantana ta leƙo daga madafi, ludayi a hannu:
"Giwa! Shekara arba'in ina hura wuta,
bari in ci tuwon da wani ya ƙone a kai."
Jikana Mudassir na tsalle, Giwa, Giwa.
Har Bayamanen da ke sayar da turare a gefenmu
ya jefa ƙuri'ar da ba a tambaye shi ba.

Na lashi zare, na nemi kafar allura,
na rasa ta sau uku.

Sun san na taɓa haye wannan ruwa,
amma sanin tatsuniya suka yi masa.
Ina ɗan shekara tara, daga Sawakin,
jirgin katako, mu da tumaki da buhunan dawa,
bayan damina uku muna tsinkar audugar wasu
don tara kuɗin tsallakewa.
Inna na rungume da ƙullin kuka da daddawa,
wai miyar farko a Makka ba za ta zama ta aro ba.
Dare na biyu zazzaɓi ya fi ƙarfinta.
Da asuba aka naɗe ta a zanenta na saƙi,
maza bakwai suka yi sahu, jirgi na karkata su,
ruwa ya buɗe,
ya rufe.
Ba itace, ba tudu, ba fasasshiyar tukunya a kai.

Shekara sittin ke nan ina ɗinki,
bayana na kallon teku.

Na ce, "Kira ofishinsu ki tambayo mini,
daga ƙarfen da ake jingina zuwa ruwa, kamu nawa ne?"
Ta yi dariya, amma ta kira.
A Giwa, in ji su, teku na can ƙasa
kamar shuɗin yadi a kantar wani,
ka gani, ba ka taɓa ba.
A Jaki akwai wani lungu ta baya
inda feshi ke jiƙa wa mutum riga,
har fasinjoji na ƙorafi.

Na ce shi nake so.

Mudassir ya cika ya batse.
Lantana ta dube ni, dogon duba,
irin na wadda ta sha jin sunan da nake kira cikin barci.
Ta ce, "To, Jaki.
Amma ko cokali ba zan wanke ba."

Daren nan na bar rigunan mutane,
na ɗinka 'yar jaka daga ragowar yadi,
na zuba kuka, na gutsura daddawa.
Ban san wurin ba.
Matuƙin ma ba zai sani ba.
Inda feshi ya fara taɓa fuskata,
nan zan yi sallama.