Ƙarƙashin Benci

Ranar Asabar muka ari motar Kawu Modi,
wadda ƙofar bayanta sai da igiya take rufuwa.
Mu bakwai, da kwanon dambu, da jarkar ruwa,
Inno a gaba, carbi a cinya,
ta ce kada wanda ya tambaye ta ina muka nufa.

Tun hantsi rana ta fara gasa kwalta.
Tumba na kuka, an yi mata alkawarin cakulan.
Hajo na ƙirga raƙuma, ta kai tara ta rikice.

A bakin coci muka tsaya.
Baba ya dubi Inno, Inno ta dubi ƙofa.
"Shekarar da aka haifi ubanku," ta ce,
"kakanku ya yi musu benci arba'in.
Da kuɗin aka sayi ragon suna."

Muka yi sallama, wata mai shara ta amsa,
ta jingine tsintsiya ta kai mu ciki.
Kujerun roba ne, farare ƙal, babu ƙusa ko ɗaya.
Inno ta taɓa guda ta janye hannu.
"Tsofaffin an kyautar," in ji matar,
"ku gwada ƙaramar da ke bayan tasha."

Can rufin kwano ne, akuya kwance a inuwar ƙararrawa.
Baba Yohanna, ido ɗaya ya yi hazo,
ya ji sunan Sambo kafinta sai ya cire hula:
"Wanga mai aje zarto in an kira azahar?
Ni ke riƙe mishi katako har ya sallame."

Inno ta ce mu shiga ƙarƙashi.
Muka rarrafa cikin yanar gizo da ɓawon gyaɗa,
benci ɗaya, biyu, sha ɗaya,
sai Hajo ta ƙwala: ga shi!
Haruffa huɗu na ajami, da bakin ƙusa aka karce.
Shekara arba'in da biyar ana zama a kan sunansa,
ana addu'ar da ba irin tasa ba,
itacen bai ko yi ƙara ba.

Gwiwar Inno ba ta durƙuso.
Ta zauna a kai kawai, ta shafa gefensa.
"Maɗaci ne," ta ce. "Gara ba ta cin sa."
Ba ta ƙara komai ba.

Cakulan ɗin Tumba ya koma alewa.
Wani gida a lungu, zafin tukunya har zaure,
ƙato ya rataya narkakken sukari a ƙugiya
yana ja, yana ninkewa, yana ja,
har ja ya zama fari a gaban idonmu.
Aka gutsuro mata da ɗuminsa,
haƙoranta suka manne, kuka ya rasa hanyar fita.

Bayan la'asar muka wuce Gwadabawa,
har inda Buzaye suka kafa rumfunan fata.
Cuku shanye a kan tabarmi kamar shafukan takarda,
yaro na korar ƙuda da reshen aduwa.
Baba ya taya, aka yi dariya, ya ƙara.
Inno ba ta da haƙorin cuku.
Raishatu ta jiƙa mata a ƙaramin kofin shayi,
su biyu suka yi ta hira da hannu
kamar sun yi tashe tare.

A Kware mota ta mutu.
Muka fito muna turi, Baba na zufa,
Inno ita kaɗai a ciki, tana ba da umarni ta taga.

Da dare kowa ya yi barci da ɗankon alewa a yatsa.
Ni na ɗauki fitila,
na kife 'yar kujerar da Inno ke alwala a kai
tun ban san kaina ba.
Ga su nan, huɗu,
sun yi baƙi da ruwa.