Uwa da Ɗiya

Ranar da na sayar da buhu goma sha biyu
a bakin kasuwar Aliero,
kuɗin suka yi mini ɗumi a aljihu
kamar ƙwan da kaza ta tashi a kansa.
Na ƙirga a bayan motar Lawwali, na sake ƙirgawa,
sai na ji ƙafata tana jan ni shagon masu waya.

Goggo Shafa'atu ce ta tare ni a zaure,
tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Makau, nawa ne naka a ciki?"
Na ce duka.
Ta yi dariya har haƙoranta biyun suka leƙo.
"Taki fa? Man injin ban-ruwa fa?
Yaran da suka sunkuya maka wurin dashe?
Ware uwa tukuna, ka ga ɗiya.
Mai cin uwar kuɗi
akuya mai ciki yake yankawa don ya sha romo."

Muka baje su a kan tabarma.
Bashin mai taki ya fara tashi,
don bashi ba ya barci ko kai ka yi.
Sai na iri, sai na hatsin gida.
Ta ja wani ɗan tsibi gefe, ta danne da faifai.
Na ce wannan na wa?
Ta ce, "Na baƙon da ba ya sallama."

Abin da ya rage a gabana bai cika tafin hannu ba.
Na kwana ina jin haushinta.

A makon ne Bagudu ya zo da labari:
wasu mutane a cikin waya,
ka ba su hamsin, su maido ɗari kafin Juma'a biyu.
Sun biya shi sau ɗaya, na gani da idona.
Goggo ta ce, "Me suke nomawa?"
Bai sani ba.
"Me suke sayarwa?"
Shiru.
"To tsaba ce aka watsa, Bagudu, kai ne zabon."
Ya sayar da babur ya zuba.
Yanzu lambar tana cewa a sake kira an jima.

Ni ma ban tsira da wayo ba.
Sauran albasar na jibge a rumbu ɗaya
ina jiran farashi ya hau.
Damina ta sami kafa a rufin,
kashi uku, ɗaya ya ruɓe.
Wari ya koya mini abin da baki ya kasa.
Bana rumbu biyu na yi, da tunkiya a turke,
da zubin adashe wurin matar Sahabi tela,
kaɗan kuma a banki, inda hannuna ba ya kai wa da dare.
Na daina cusa kuɗi a katifa:
a can ba sa haihuwa, ramewa suke,
ka ajiye na mudu biyar, ka tarar da na uku.

Baƙon ya zo a watan tara.
Zazzaɓi ya kama Nafi, jikinta kamar murhu.
Na ɗaga faifai.
Har Birnin Kebbi muka kai ta, muka dawo da ita tana neman ƙosai,
ban tsaya ƙofar kowa ina murza hula ba.

Wayata dai tana nan, fuskarta a tsage,
roba ce ke riƙe da bayanta.
Jiya tunkiyar ta haifi biyu.
Na je gaya wa Goggo, ta ce,
"Madalla. Dusa nawa take yanzu?"